Shekarar da Amarya Ba Ta Yi Ƙwai Ba

Ranar wata Talata ce cikin watan Sha'aban na bara, wajen ƙarfe goma na safe. Ina tsugune a bakin famfo ina cuɗa kayan makarantar ɗana, sai waya ta yi ƙara a kan taga. Hannuna duk kumfa, da bayan yatsa na danna ta. Umma ce. Ba ta amsa gaisuwata ba, ta ce, "Ke, me kike yi?" Na ce wanki. Ta ce, "To ki ɗauraye hannu ki taho. Malam ya cika." Umma ba ta taɓa kiran sunana ba, don ni ce 'yar fari, kuma ni kaɗai Allah ya ba su. Na ɗauraye hannun kamar yadda ta ce, na rufe famfo, na shanya rigar da ke hannuna. Bayan nan ne na zauna a bakin famfon.

Da aka yi sadakar uku mutane suka ragu, Umma ta buɗe akwatin Abba tana ware kayansa. A ƙarƙashin riguna ta ciro wani ɗan littafi mai shuɗin bango, da rubutun Sinanci a gabansa, irin wanda masana'antun jaka ke raba wa masu sayen kayansu. Ta miƙo mini ba tare da ta buɗe ba, ta ce, "Wannan naki ne." Tun kafin in taɓa shi na gane shi. Littafin macizai ne.

Ina da shekara takwas Abba ya kai mu Guangzhou, a ƙasar Sin. Muna zaune a hawa na bakwai a wani tsohon bene a Xiaobei, ɗaki biyu da falo da wata siririyar baranda da ke kallon arewa. Rana ba ta taɓa leƙa barandar nan ba, kullum Umma tana mitar wanki ba ya bushewa. Aikin Abba shi ne haɗa 'yan kasuwar Kano da masu yin jaka. Yana idar da sallar asuba zai shiga mota zuwa Shiling, ya dawo da yamma yana warin gam da sabuwar fata. Wata rana Liwan zai nufa, ranar Alhamis kuma Baiyun don ya sa kaya a jirgi. Umma kuwa tuwon shinkafa take tuƙa wa baƙi, da kuka da daddawar da ake aiko mata daga gida a cikin kaya. Ni ce mai kai kuloli, in hau bene in sauka, har na san ƙofar kowa da yawan yajin da yake so. Da safe ina zuwa wajen Malama Zainabu, matar wani mutumin Yamai, wadda ke koyar da mu takwas a falonta, allo da farko, sannan lissafi da take faɗa rabi da Hausa rabi da Faransanci. Da la'asar mukan sauka tsakanin benaye. 'Ya'yan Sinawa suna da wani abu mai gashin tsuntsu da suke bugawa da gefen ƙafa kada ya taɓa ƙasa, su suka koya mini, ni kuma na zana musu 'yar gala-gala da alli. Tsofaffin matan wurin ba sa gajiya da taɓa kitsona. Kalmar da na fara iyawa ita ce "meyo", wato babu, don ita aka fi faɗa mini a shago.

Abba bai wuce aji huɗu na firamare ba, amma ban taɓa ganin mutum mai tambaya irinsa ba. In ya ga abu sai ya san me ya sa. Ya taɓa kwance sabuwar tukunyar dafa shinkafa ta Umma don ya ga yadda take sanin shinkafa ta nuna. Wannan halin ne ya kawo macizai gidanmu. Akwai wani mai masana'antar jaka a Shiling da muke kira Lawban Liang, kalmar lawban kuwa maigida take nufi. Ran da Abba ya fara shiga ofishinsa ya ga maciji a cikin akwatin gilashi, sai ga shi tsaye a kan kujera da takalmi a hannu. Shi da kansa yake ba da labarin yana dariya, yana cewa a ƙauyensu sai an kashe maciji ake tambayar wane iri ne. Lawban ya yi dariya har da hawaye, ya ciro macijin ya naɗa a hannunsa. Daga ranar duk zuwan da Abba zai yi sai ya tsaya gaban gilashin yana tambaya, da hannu, da guntun Sinanci, da zane a bayan kwali. Da matar ɗan Lawban ta kusa haihuwa aka ce a rage macizan gidan, sai ya ba Abba uku kyauta. Abba ya shigo da su a cikin kwalin jakunkunan mata.

Umma ta yini a matakalar bene ranar nan, ta ce, "Malam, ko ni ko su." Sai dab da magariba aka daidaita. Ba za su wuce baranda ba, za a ɗaure murfinsu da waya, ɓerayen da suke ci ba za su shiga firjinta ba, kuma kada masu cin tuwonta su ji. Ba a yi mako ba kowa ya ji, kuma sunan Abba ya koma Sarkin Gardi tun daga Xiaobei har ƙofar masallaci.

Biyu daga cikinsu irin da ake kira macijin masara ne, ruwan lemo da jajayen tambura, cikinsu fari da baƙi kamar zangarniyar masara mai gauraye. Na sa musu suna Ango da Amarya. Na ukun dogo ne mai duhu, irin na ƙasar Sin mai farautar ɓera, ba shi da mace, Abba ya sa masa Tuzuru, ya ce in kasuwa ta yi kyau zai nema masa mata. Babu mai dafi a cikinsu. Na ɗauka jikin maciji santsi ne da yauƙi, ran da Abba ya ɗora mini Amarya a hannu sai na ji ta a bushe, da laushi kamar fatar jaka mai tsada. Na koyi cewa da harshe suke shinshina, kuma in idonsu ya yi hazo-hazo to sun kusa yin saɓa. Nakan tara saɓar in ajiye a tsakiyar littafin lissafina. Abba yana kirana Uwata don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma duk abin da ya gano ni yake fara gaya wa. "Uwata, zo ki gani, ba ya ƙifta ido. Ko me ya sa?"

Lawban ne ya gaya masa cewa in yana so su hayayyafa sai ya bar su sun sha sanyi. A daina ba su abinci mako biyu har cikinsu ya zama babu komai, a cire shimfiɗar lantarki da ke ɗumama su, a rufe su cikin duhu wata biyu ko fiye, ruwa kawai. In aka dawo da ɗumi sannu a hankali, macen ta ci ta yi saɓa, sai a haɗa su. Abin ya ɗaure wa Abba kai kwana da kwanaki, har wata rana ya tuna da kwaɗin ƙauyensu da ke shiga ƙasa duk rani su jira ruwan farko. Ya ce, "Uwata, na gane. A ƙasarsu sanyi ne ke gaya musu shekara ta juya. In ba su ji shi ba, ba su san lokaci ya yi ba." Barandar da Umma ke kuka da ita sai ta zama daidai. Dab da Babbar Salla ya jera akwatunan a jikin bango, ya lulluɓe su da baƙin ƙyalle, ya rataye ma'aunin sanyi. Safe da yamma yakan duba ya rubuta a littafinsa, lambobi da boko, bayani da ajami.

Ni kuwa sanyin garin nan yana shiga ƙashina. Sanyi ne mai laima, ko'ina a jiƙe. Umma takan cika mini wata kwalbar roba da ruwan zafi ta naɗe da tawul in sa a ƙafa. A kwanakin ne Malama Zainabu ta karantar da mu cewa duk wanda ya tsare dabba, cinta da shanta da jin daɗinta suna wuyansa, kuma za a tambaye shi. Na dawo gida da maganar a raina. Na ɗaga ƙyallen na ga Amarya a dunƙule a lungu, ko harshe ba ta fitarwa. Na taɓa ta na ji kamar ƙarfen gado. Sai tsoro ya kama ni, ba don ita kaɗai ba, har don Abba. Na ga kamar an tsayar da shi ana tambayarsa me ya sa ya hana baiwar Allah abinci ya bar ta cikin sanyi. Washegari, bayan ya fita, Umma tana fama da tukunya, na ɗauki kwalbata na tura ƙarƙashin ƙyallen na jingina da akwatin Amarya. Da na dawo daga makaranta na sake mata ruwa, na tarar ta warware tana yawo tana fitar da harshe. Daɗin da na ji ranar nan har yanzu ina tuna shi. Kafin la'asar na ɗauke kwalbar, kafin Abba ya dawo ma'auni ya koma inda yake. Haka na yi ta yi kusan kowace rana har mako shida. Ban ɗauke shi laifi ba. Na ɗauka ina rufa wa mahaifina asiri ne.

Da lokacin ɗumi ya zo Abba ya yaye ƙyallen. Ango da Tuzuru suna nan yadda aka bar su. Amarya kuwa ta rame har ƙashin bayanta ya fito kamar igiya. Ta ci abinci da kyar. Da aka kai ta wajen Ango sai ta riƙa gudu tana kaɗa wutsiya a jikin roba. Aka raba, aka sake haɗawa, har zafi ya shigo sosai, babu abin da ya faru. Abba ya shiga lissafin dalilai. Ko duka maza ne? Ko sanyin bai isa ba? Ko ƙarar fankar kicin ce? Har warin daddawa ya zarga, Umma ta ce ya bar daddawarta ta huta. Daga ƙarshe ya ɗauke su zuwa Shiling. Da ya dawo muna cin abinci ya ce, "Lawban ya ɗaga ta a hannu ya ce wai ta sha zafi. In suna cikin sanyi jikinsu ba ya cin kansa, in kuwa da ɗumi babu abinci sai su ƙare. To zafi daga ina? Safe da yamma nake aunawa." Na ajiye lomar da ke hannuna. A lokacin na gane abin da na yi. Na ce a raina gobe zan faɗa, gobe ta zo na ce jibi.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, baƙi suka cika falonmu kamar yadda aka saba. Akwai Baba Sani, dattijo mutumin Maraɗi mai sayen takalma, da Alhaji Bala, ɗan Kano mai yawan barkwanci. Baba Sani ya ce, "Sarkin Gardi, ina jikokin da ka yi muna alkawari?" Abba ya ce bana ba a dace ba. Wani ya ce a kai Ango wajen mai maganin gargajiya, wani ya ce a ba Tuzuru dama ya gwada sa'arsa, ana ta dariya. Sai Alhaji Bala ya ce, "Ku bar ganin laifin Ango. Gidan ne. Gidan nan ko maciji ya shigo sai haihuwa ta tsaya masa." Dariyar ta yanke a tsakiya. Ina bakin labulen kicin a lokacin, Umma tana miƙo mini kwanon miya, ta ji komai. Shekarata goma babu ƙani babu ƙanwa, kuma sai da na girma na san ta yi ɓari sau biyu a garin nan. Abba ya sunkuyar da kai yana kallon tuwonsa. Baba Sani ya ce, "Bala, mi ne ne haka? Kana cin tuwon mata kana hwaɗin wannan? Tashi ka ba ta haƙuri." Ya taso har bakin labule yana rantsuwa cewa ba abin da yake nufi ke nan ba. Umma ta ce daga ciki, "Babu komai, Alhaji. A ci lafiya."

Washegari da hantsi na ga abin da ban taɓa gani ba. Umma ta shiga baranda ta tsaya nesa da akwatunan, hannunta a bayanta. Ta ce da ni, "Ke, wacce ce macen?" Na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan ramammiyar? Da wane jikin za ta yi ƙwai?" Da yamma ta ba Abba wani gwangwani mai murfi ta ce ya zuba ɓerayensa a ciki ya sa a can ƙasan firji, kuma kada ta sake jin an tsallake ranar ciyarwa. Tun daga nan ita ke tuna masa. Ba ta taɓa su ba, ba ta kuma daina cewa a'uzubillahi in ta shiga shanya ba, amma ta san ranar da Amarya ta ci da ranar da ta yi saɓa fiye da kowa. Ni kuma bakina ya ƙara nauyi. Da can kwalba ce kawai zan faɗa. Yanzu in na faɗa, sai in ce ni na jawo aka yi wa Umma waccan magana a gaban mutane.

Sanyin shekarar da ta biyo, farkon 2008, tsofaffin da ke benenmu sun ce ba su saba ganin irinsa ba. Ruwa ya yi ta zuba kwana da kwanaki. Dab da bikin sabuwar shekarar Sinawa jiragen ƙasa suka tsaya, mutane suka cika filin tasha da jakunkunansu suna jira cikin ruwa, muna ganinsu a talabijin. An riga an rufe macizan tun bayan Babbar Salla, Amarya ta shiga da ƙiba wannan karon. Wata rana Abba yana Shiling, Umma ta ce in karanta mata ma'auni. Na ce shida. Abba ya sha faɗa cewa in ya yi ƙasa da goma da yawa akwai haɗari. Ta kira wayarsa ba ta shiga. Sai ta naɗe hannuwanta da tawul, ta kawar da fuska, ta jawo akwatunan ɗaya bayan ɗaya zuwa lungun bakin ƙofa, tana salati. Da ta gama ta tsaya tana haki ta ce, "Ko mu sa musu kwalbarki?" Ban san lokacin da na ce "A'a!" da ƙarfi ba, har maƙwabciyarmu ta buga bango. Umma ta juyo ta dube ni. Na ce ai Lawban ya ce ba a so su ji zafi. Ta ci gaba da kallona na ɗan lokaci, sannan ta ce in kawo ma'aunin lungun in sake karantawa. Ya hau sha ɗaya. Muka bar su a nan har sanyin ya sassauta, muna tsallake su in za mu fita.

A watan Maris Abba ya fara dawo da ɗumi kaɗan-kaɗan. Amarya ta fito sumul. Ta ci ƙaramin ɓera, ta ci babba, idonta ya yi hazo, ta yi saɓa guda cif ba yagewa. Ranar Abba bai je aiki ba. Ya yayyafa ruwa a akwatin Ango kamar an yi yayyafi, ya sa ta a ciki. Ango ya ɗaga kai yana fitar da harshe da sauri, jikinsa yana ɗan zabura, ya bi ta yana goga haɓarsa a bayanta tun daga wutsiya. Wannan karon ba ta gudu ba. Ina leƙe ta ƙarƙashin hannun Abba, sai ya yi gyaran murya ya ce, "Uwata, je ki taya Ummanki tsince shinkafa." Can an jima ya leƙo kicin, bakinsa ya ƙi rufuwa, ya ce, "An ɗaura." Umma ta ce, "Malam, ka ji kunya mana, ga yarinya," amma na ga tana murmushi a cikin tukunya.

Sai da aka haɗa su sau da yawa. Daga baya Amarya ta ƙi abinci, bayanta ya cika, ta sake yin saɓa. Abba ya sa mata ƙaramar roba da jiƙaƙƙen gansakuka a ciki. Wata safiya a farkon Yuni na ɗaga murfin na same ta naɗe da ƙwai, farare dogaye, manne da juna. Ba su da ɓawo mai tauri irin na kaza, in ka taɓa sai ka ji kamar fata. Umma ce ta ƙirga daga bakin ƙofa da tsinken tsintsiya, goma sha shida. Ta koma kicin ta cika kula da tuwo, ta zuba nama fiye da kullum, ta ce, "Kai wa Alhaji Bala. Ki ce ina gaishe shi, Amarya ta sauka lafiya, goma sha shida." Na kai na faɗa yadda aka ce. Ya riƙe baki, sannan ya fashe da dariya ya ce, "Na karɓa, ni na jawo." Da la'asar sai ga shi da Baba Sani sun zo barka da ledar lemo.

Abba ya jera ƙwan a roba a kan wata jiƙaƙƙiyar ƙasa mai ƙyalli kamar dusa. Ya sa wa kowanne ɗigo da fensir a sama, ya ce kada a kuskura a juya su, ba irin na kaza ba ne, in aka kifa ɗan zai mutu a ciki. Biyu suka yi rawaya suka lalace, sauran sha huɗu. In ya haska tocila a jikin ƙwai sai mu ga jajayen jijiyoyi kamar saiwa, daga baya har wani duhu da ke motsi. Lawban ya ce wajen kwana sittin. Abba ya rubuta lambobin a jere, kullum ni ke soke ɗaya.

A daidai lokacin garin ya canja. Saboda wasannin Olamfik da za a yi a Beijing aka tsaurara maganar biza. 'Yan sanda suna hawa benaye suna duba fasfo, masu cin tuwon Umma suna raguwa kullum, makarantar Malama Zainabu ta koma mu uku. Abba ya je sabunta tamu kamar yadda ya saba, ya dawo ya zauna a baranda bai cire takalmi ba. An ƙi. Da muka duba littafi, ranar da dole mu fita ta faɗa a kwana na hamsin da ɗaya. Ba a shiga jirgi da ƙwan maciji, kuma ko ana shiga ba za su kai ba. Ana gobe za mu tafi muka ɗauki mota zuwa Shiling. Ni na riƙe robar a cinyata, hannu biyu, ɗigon fensir yana sama. Duk ramin da direba zai shiga sai Abba ya ce masa a hankali da Sinanci, har mutumin ya gaji ya kunna rediyo. Lawban ya karɓi ƙwan da macizan uku. Abba ya nuna Tuzuru ya haɗa yatsu biyu, wato a nema masa mata, Lawban ya yi dariya ya ce to. Ya rubuta mana lambar waya a bangon littafin.

A Kano muka kalli buɗe wasannin, a gidan kawuna, da janareta. Kowa yana kallon wuta da ganguna, Abba yana ƙirga da yatsu, ya ce, "Uwata, yau ko gobe." Ya kira lambar sau da yawa a makon. Wata mace ce ke ɗauka, ta yi magana da sauri, abin da muke ganewa kawai shi ne "meyo, meyo". Bayan shekara biyu ya sami bizar mako biyu ya koma. Ya tarar da wasu mutane a masana'antar suna yin bel na ɗaure wando, babu wanda ya san inda Lawban Liang ya koma. Ba mu taɓa sanin ko nawa suka fito ba. Abba ya kama shago a Kano, bai sake kiwon maciji ba, amma kuma bai sake kashe wani ba sai ya tsaya ya duba irinsa.

Na sha yunƙurin gaya masa. A jirgi na yi niyya, na ga ya rufe ido. Da aurena ya zo na ce sai hidima ta wuce. Zuwansa gidana na ƙarshe, wata biyu kafin rasuwarsa, yana ba ɗana labarin Ango da Amarya, yaron ya buɗe baki yana saurare. Abba ya juyo ya ce, "Uwata, kin san har yau ban gane abin da ya faru shekarar farko ba?" Na buɗe baki. Sai yaron ya tambaye shi ko maciji yana yin atishawa, Abba ya ce wannan tambaya ce mai kyau, suka bi ta, ni kuma na tashi na ɗauko musu shayi. Na san da na faɗa dariya zai yi, ya tambaye ni zafin ruwan da awa nawa nake barin kwalbar, ya nemi fensir. Tun da daɗewa na daina tsoron faɗansa. Na dai riƙa ganin akwai lokaci.

Yanzu komai yana cikin waya. Ɗana yakan tambaye ta abu ta ba shi amsa kafin ya gama mamaki. Ni ma na duba, na ga wasu masu kiwo suna cewa macijin masara kan hayayyafa wani lokaci ko bai sha sanyi ba, wasu kuma suna cewa ramar ce ke hanawa. Don haka ban ma tabbata kwalbata ce kaɗai ba, kuma mutumin da zai so mu zauna mu tattauna wannan ba ya nan. Umma ban tambaye ta abin da ta gani a fuskata ranar sanyin nan ba, ita ma ba ta tayar ba, sai dai ni ta ba littafin.

Na buɗe shi bayan sadakar arba'in. Lambobin suna nan safe da yamma, da jerin kwanakin da na soke har hamsin, sauran goma ba a taɓa su ba. A shafin shekarar farko ya rubuta da ajami, "Me ya hana su?" A ƙasa ya jera dalilai biyar, ya soke kowanne da layi. Ya sa lamba ta shida ya bar gabanta fili. Fensirinsa yana maƙale a jikin bangon, kuma har yau ban cike wurin ba.